A Shafi Na Sha Biyu Na Tsaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kore ni daga aikin da ban ma samu ba. Wani tsohon Farfesa, ɗan gurguzu na gani-kashe-ni, yana neman mataimakin bincike, aka ce zai zaɓa a wajen laccarsa a unguwar Gudu. Ni kuwa shekarata biyu ina zaman kashe wando a Mpape.

Rigimar masanan gurguzu tsohuwa ce. Wasu sun ce jari-hujja, duk muninta, ita ke kawo masana'antu, ta haifi ma'aikatan da za su kayar da ita. Wasu sun ce ina! Da jininmu Turai ta yi ƙiba, in ba mu tsinke igiya ba, ba mu ba tashi.

Na je shagon da ke da maƙalar Farfesa a yi mini fotokwafi, wuta ta ɗauke a shafi na sha biyu. Mai shago ya ce in jira. Ni da jira? Na fizge shafukan da suka fito na yi gaba, na haddace su tas cikin cunkoson motoci, ina zage-zagen direba a zuci. Ko da na isa, an gama lacca ana tafi. Ban ko zauna da kyau ba na ɗaga hannu (har biyu, wallahi).

"Ranka ya daɗe, ka wanke mana ido! Kamar yadda ka rubuta, jari-hujja ce za ta gina mu."

Na yi ta zuba, zaure ya yi tsit, ni a zatona burgewa ce. Wata Rifkatu da ke gefena tana jan rigata: "Oga, zauna mana." Na ture hannunta.

Farfesa ya cire tabarau. "Ɗana, a shafi na nawa ka tsaya?"

"Sha biyu."

"Madalla. Ra'ayin abokan faɗana ne na jero a nan. A na sha uku na fara yanka su. Tun kafin a haife ka nake yaƙar mutanen nan, yau ka miƙa musu ni kyauta."

Kunya ta kama ni, na rasa ta ƙofar da na shigo.

Rifkatu aka ɗauka. Ni ina nan Mpape, kuma yanzu ko katin ɗaurin aure aka miƙo mini, sai na juya bayansa na karanta kafin in ce Allah sanya alheri.