Inna Hajo Ta Ƙi Dangwala Yatsa

Jiya da ƙafa na dawo Tudun Wada, takarda a hammata, takalmi ɗaya ya tsinke. Tasi duk suna layin mai. Ƙasar da aka ce arzikin mai ya yi mata yawa har ba ta san yadda za ta yi da shi ba, ga direbobinta sun baje tabarma a gindin famfo suna dara. To, madalla. Amma ba kukan mai na zo yi muku ba yau.

Wata babbar makaranta, cikin manyan makarantun da Allah ya hore wa garin nan, ta ce bana za ta ba malaminta ɗaya lambar yabo saboda hidimar jama'a. Wanda ya ci, aikinsa zai ci gaba da samun mota da alli da littattafai. Sauran kuma a janye musu, wai tsimi ake yi. Kun dai san tsimin zamanin nan, wanda ake shawararsa a kan soyayyun kaji.

Mu a unguwarmu muna da 'yar takara, Malama Lauratu. Shekara uku ke nan duk Asabar motar makarantar ke sauke ta a ƙofar gidan Inna Hajo, ta koya wa matan aure karatu da rubutu a tsakar gida. Ni ce mataimakiyarta, da takardar shaidar malanta a hannuna, ba a bakin titi na tsince ta ba. Ruwa ya dake mu, awaki sun cinye mana littafi biyu, wani maigida ya hana matarsa zuwa har sau uku muna komawa muna ba shi baki. Ba mu fasa ba. Mai haƙuri kan dafa dutse.

Kwamitin ba da lambar ya aiko da fom, ya ce waɗanda suka amfana su shaida. Mata talatin da huɗu suka karɓi biro, kowacce ta rubuta sunanta da hannunta. Inna Hajo, mai shekara sittin, sai da ta yi alwala tukuna.

Na kai wa akawun kwamiti, Ranka Ya Daɗe Sarkin Fayil. Ya juya takardar gaba da baya.

"Malama, ina dangwalen?"

"Wane dangwale, Malam? Ga sunayensu nan."

"Ai layin nan na mutanen gari ne. Mutanen gari yatsa suke dangwalawa. Sa hannu na ma'aikata ne."

"To ai abin da aka koya musu ke nan."

"Wa ya sani ko ke kika rubuta?"

Na ce ya duba da kyau. In ni na rubuta sunan Inna Hajo haka yana hawa dutse yana gangarowa, a ƙwace takardar shaidata. Bai yi dariya ba. Ya jawo wani fayil mai kauri, na wani Shehun Malami, Gwanin Hidima, wanda ya yi yaƙi da jahilci a wasu ƙauyuka. Ya buɗe mini shi cikin girmamawa. Dangwale ɗari biyu, shuɗi shar, a jere kamar an shanya ɗinya.

"Kin ga aiki," in ji shi. "Kin ga yadda jama'a ke shaida."

Lalle na ga aiki. Mutum ya yi shekara biyar yana yaƙi da jahilci, kuma jahilcin da kansa ya zo ya ba da shaida sau ɗari biyu. Wannan ai ba ƙaramin gwani ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle mace mai tsinkakken takalmi.

Sarkin Fayil ya yi mini alfarma. Ya ba ni tawadar dangwale a ɗan gwangwani, ya ce in an dangwala a gefen kowane suna kafin sha biyun ranar yau, zai karɓa.

Da la'asar na tara matan, Malama Lauratu ma ta zo. Na faɗa musu gaskiya: dangwale ko a rasa mota. Wasu har sun fara naɗe hannun riga. Inna Hajo ta dubi gwangwanin kamar an ajiye mata mushe.

"Ke 'yar nan, kin san ranar da na fara dangwale? A asibiti, wani yaro sa'an jikana ya kama yatsana ya murza kamar na akuya. Shekara uku ina fama da biron nan har ya yi mini kanta. Yanzu in koma?"

"Inna, na minti ɗaya ne," in ji wata.

"Ke ki yi. Nawa yatsan ya yi ritaya."

Aka kwashe da dariya, amma babu wadda ta ƙara matsowa kusa da tawadar. Muka dubi Malama Lauratu, tunda lambarta ce da motarta. Ta ɗauki takardar, ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta ninke ta saka a jaka.

"Wannan ba za ta koma ofis ba," in ji ta. "Asabar zan shigo motar haya. In na makara ku fara da Inna."

Sha biyun rana ta wuce tun ɗazu. Saboda haka bari in riga kowa taya Shehun Malami murna. Allah ya sanya alheri, ya ƙara yawan tawada. In mata ɗari biyun da suka dangwala masa suna so, ajinmu na nan ranar Asabar, sai dai kowacce ta zo da tabarmarta. Za mu bi da su a hankali, kada su iya da wuri su ɓata masa lambar baɗi.