Rasuwar Idon Rana, gilashin Ɗan Azumi mai zanen ƙwarya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗacin da har yau bai bar bakina ba, ni Ɗan Azumi mai zanen ƙwarya na kasuwar Madarumfa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gilashina, wanda yara suka laƙaba wa suna Idon Rana. Ya rasu ranar Laraba, cikin bazarar 1974, a ƙofar gidana, a gaban jama'a.

Marigayin ɗan asalin wani mataccen majigin nuna fim ne. Na ɗauko shi daga hannun wani makaniki a Maraɗi, shekarar da ta biyo samun mulkin kai. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Aikinsa tara hasken rana wuri guda. In na ɗaga shi, hasken ya baje kamar faifai, ba ya ƙona komai. In na sauke shi a hankali, sai ya tsuke, ya tsuke, har ya koma kamar ƙwayar gero. Nakan gwada ƙwayar bisa sakaina tukuna: in ta fito da wutsiya, hannuna ne ya karkace, domin shi bai taɓa yin ƙarya ba. Da wannan ɗigon muka zana ƙoren amare tun daga Gabi har Ɗan Issa, muka rubuta sunayen masunta bisa filafilansu. Maganarsa duk rayuwarsa ɗaya ce: tsss, sai ɗan hayaƙi.

Ciwon ajalinsa ƙazafi ne. Rumbun maƙwabcina Ado ya kama wuta da tsakar rana, ya cinye ɗan geron da farin nan ya rage masa. Na yi jigilar ruwa tare da kowa, har hannuna ya sale. Kafin toka ta huce, wani ya ce ai unguwar nan akwai mai kiran wuta daga sama. Ado ya zo da taɓarya. Na rantse masa marigayin yana cikin jakarsa ta fata tun safe, kuma ko kamu ɗaya ya yi nisa da abu ba ya iya ɗumama shi. Ado ya ce, "Fito da shi, ko in shiga in fito da shi." Na fito da shi don a gani. Ado ya sauke masa taɓarya, sau ɗaya ya ce ƙwas.

Mutanen da suka tsaya kallo, babu gidan ɗayansu da ba a shan fura cikin zanensa. Ba wanda ya riƙe hannun Ado. Washegari Binta, matar Ado, ta faɗa wa matata Atika tana kuka cewa ita ta zubar da toka mai rai a gindin rumbu. Ado ya ji. Har yanzu ta bayan gidana yake zagayawa zuwa masallaci, don kada mu haɗu.

Marigayin ya bar jakar fata guda, da tarin ƙoren da ba a gama ba, da ni, da Atika, da bakunan da yake ciyarwa.

Za a binne abin da na iya tsincewa gobe bayan la'asar, ƙarƙashin gawon bakin tabki. Yaran da suka kwashi ɓaraguzansa su dawo da su, a haɗa gawa. Zaman makoki a rumfata, babu goro, babu fura. Ado kada ya wahalar da kansa, na yafe masa gaisuwar. Sauran abin da ke tsakaninmu kuwa, sai mun tsaya gaban Allah.