Bedin Sadaki

"Lafiya lau, ya ƙarfin jiki, ya mutan... wash."

Gaisuwar ba ta gama fita daga bakin Zuhura ba ƙafarta ta ci karo da daɓen simintin gefen titi, takalminta ɗaya ya yi gaba ya bar ta. Daga Kusada take, inda take koyarwa a firamare, ta zo Kankia duba kakanta Malam Labaran. Tsohon yana kan tabarmarsa a gindin bedin ƙofar gida, iccen da wasu ke kira darbejiya, ko gezau bai yi ba. Wanda ya san kaka da jika a ƙasar nan ya san ba sannu ce za ta biyo baya ba.

"Haka nika so," in ji shi. "Matar kirki tun daga bakin titi take durƙusa wa mijinta."

"Wane mijin? Wanda haƙoransa suka riga shi yin ritaya?"

"Biyun da suka rage sun fi na ɓarawon da ya sace mani ke ƙwari. Ya Sharafaddeen ɗin?"

"Yana gaishe ka. Ya ce in duba ko har yanzu kana nan."

"Ce mashi ina nan, kuma ban sake ki ba."

Ta sunkuya ɗaukar takalmin tana dariya. A nan ta ga yadda saiwar bedin ta ɗaga daɓen, ta ɗago kai kuma ta ga jan fenti ɓaro-ɓaro a jikin iccen. Dariyar ta tsaya.

"Tsoho, wannan jan fentin fa?"

"Lalle aka sa mashi. Aure zai yi da gatari."

Abin da ya faru shi ne, wata mai nono ta yi tuntuɓe a wurin, ƙwaryarta ta fashe. Masu duba titi suka zo suka bar saƙo wurin mai unguwa: in ba a sami wanda zai ce iccen nasa ne, ya gyara daɓen ya rage rassa kafin ruwan farko ba, sarewa za a yi. Abin haushin, mai shayi da mai faci da 'yan mashin duk a inuwar nan suke wuni, amma da aka tambayi mai icce, kowa ya ɗauke kai ya ce na gwamnati ne.

"To ai gaskiyarsu," in ji Zuhura. "Titi na gwamnati ne, ta gyara abinta."

"Gwamnati ta ce siminti nata ne, icce ba ita ta dasa ba. Ita ma gaskiyarta. Daɓen ne ya zo ya iske shi."

"To kai ka dasa, kai za ka gyara."

"Ni? Na bayar da shi tun kina yawo ba ɗankwali."

"Wa ka ba?"

"Ke mana. Sadakinki ne, da shaidu."

Sai ta tuna. Tana 'yar mitsitsiya, ya kira ta matata, ta riƙe ƙugu ta ce ba za ta amsa ba sai ya biya sadaki. Washegari ya dawo da ɗan dashe a leda, ya haƙa rami a gabanta, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tun daga ranar bai ƙara yin alwala a ko'ina ba sai a gindinsa, don kada ruwan ya tafi a banza, ita kuma tana biye da 'yar butarta. Da ruwan alwala aka raini iccen da rabin layin ke fakewa a ƙarƙashinsa yau.

"Angwaye na kirki saniya suke bayarwa," ta ce. "Kai ka ba ni icce mai ɗaci."

"Halin amarya na duba na zaɓa."

"To ko nawa ne, ɗawainiyar gida a kan miji take."

"Ci da sha da sutura. Wane malami ya ce maki har da siminti?"

"Ka tsufa kana shan inuwata, ko godiya ba ka taɓa aiko mani ba."

"Na tsufa ina yi maki gadi. Awakin garin nan har jikokinsu sun san sandata."

Ya miƙa hannu zai jawo buta, idonta ya sauka a kan hannun. Ya yi fari fat, duk ya tsattsage, siminti ya ci shi. Ta leƙa bayan iccen. Ga yankakkiyar jarka da yashi a ciki, ga tsohon cokalin gini, ga wani sabon daɓe da bai wuce faɗin darduma ba. Mutumin da sai ya dafa bango yake miƙewa, shi ne ya durƙusa ya yi wannan.

"Wane birkila ne ya yi wannan aikin? A karkace, kamar tafiyarka."

"Aljanu ne. Da rana tsaka suke zuwa."

"Su ne suka fasa maka hannu?"

Malam Labaran ya dubi hannun nasa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na je wurin mai unguwa na ce nawa ne. Ya dube ni ya ce, Baba, mai ƙarfi ake nema." Ya shafa jikin iccen. "Nan na zauna karɓar gaisuwar kakarki. Nan nika so a zauna tawa. Ba na son mutanena su zauna a rana."

Tausayi ya kama Zuhura, tare da wani irin alfahari da tsohon nan mai taurin kai. Ta san in ta bari ya ga hawayenta, har a wurin suna sai ya ba da labari. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"To ka ji. Icce nawa ne, ba na son shisshigi. Yanzu zan je wurin mai unguwa in gaya masa mai shi ta zo. Gayya zan kira ran Asabar. Duk wanda ya taɓa shan inuwar nan zai fito. Mai shayi ya kawo ruwa, 'yan mashin yashi, mai faci ya hau ya rage rassa. Fura da nono a kaina. Siminti kuma a kan Sharafaddeen."

"Ɓarawon zai zo?"

"Da buhu a ka."

"To na yafe mashi rabin laifinsa."

"Kai kuma na sallame ka daga birkilanci."

"Ni mi zan yi ke nan?"

"Alwala. A gindinsa, kamar kullum."

Tsohon ya yi dariya har haƙoran nan biyu suka fito sarari. Ya karyo wani ɗan reshe da ya tofo a gindin iccen, ya zage ganyen, ya miƙa mata da hannunsa mai tsaga.

"Kin ci, amarya. Ungo asuwaki, tukuici."

"Kyauta da kayana?"

"Da na wa kike so in yi?"

Ta karɓa ta sa a baki ta tauna. Idanunta suka kawo ruwa, ta juya wajen titi tana gogewa da bakin mayafi.

"Ɗacin ne," ta ce.

"Ƙwarai kau," in ji tsohon, yana jawo butarsa zuwa gindin bedin. "Ɗacin ne."