Titin Mai Girma a Cikin Gwangwani

Ranar Litinin ina fitowa daga gidan mai, bayan awa huɗu a layi, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyarina: hoton ƴar mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta. Na kashe mota na tayar. Tana nan. Na daki wajen da tafin hannu. Ko gezau.

Ga takardar lafiyar motata za ta ƙare Laraba, kuma ofishin duba motoci ba sa sa hannu in akwai fitila a kunne. Babu takarda, a kama mota. Ranar Alhamis kuwa ni ke kai Inna wankin ƙoda.

Na garzaya garejin Dogo makaniki. Ya jona na'urarsa, ya yi tsaki.

"Fitilar santsi ce. Kowace taya akwai sensa mai lura da gudunta. Ta hagu ta baya ta makance."

Ya sa jak, ya cire taya, ya shiga ƙwaƙulo wani baƙin abu da sukundireba yana zubawa a gwangwanin madara. Can ya ɗago.

"Yaya, ta sabon titi ka bi?"

"Wanda aka yanke wa ƙyalle wancan satin? Eh."

"To ga shi nan. Kwaltar ce take bin ka gida."

Maƙwabcina tela, da ya rako ni, ya ja da baya. "Kai, mayar musu! Kayan gwamnati ne, kada a ce da ni aka sata."

Jama'a, a yaba wa Mai Girma Uban Ayyuka. Ya yi alkawarin titi zai iso ƙofar kowa, ga shi har cikin taya.

Fitila ta mutu. Laraba da sassafe na nufi ofis, kuma hanyarsa ɗaya ce tak: sabon titi. Ina taka birki a bakin get, ƙyal, ta dawo.

Jami'in ya leƙo ta taga. "Motarka ba ta cancanci hawa titi ba."

"Ranka ya daɗe, titin ne ya hau motar."

Bai yi dariya ba. Ya dai rage murya, ya nuna mini tasa motar. Baƙin salatif ne manne a kan fitilar. "Mu haka muke yi."

Na tuna Inna a kujerar baya da titi mai laima. Na ce a'a. Na kira Dogo, ya zo a babur, ya kwanta a ƙofar ofis ya sake ƙwaƙule sensar. Ni da tela, da ya sake rako ni, muka turo motar taku goma zuwa gaban jami'i. Ya duba, ya buga hatimi.

Inna ta je asibiti, alhamdulillahi. Gwangwanina kuma yanzu uku ne a kan taga. In Mai Girma yana neman titinsa, ya aiko. In ya ƙara wata guda bai aiko ba, sai dai ya zo tsakar gidana ya sake yanke ƙyalle.