Ranar da Na Ba Matar Bitrus Maganin Ƙiba

A lokacin na ɗan rage tumbi, sai na ɗauki kaina masanin lafiya. Ana nan Bitrus, direban ofishinmu a Maitama, ya gayyace ni cin abinci gidansa a Mpape. Ko dalilin taron ban tambaya ba.

Da matarsa ta kawo shinkafa, na ga ta yi ƙiba. Na gyara zama, a gaban surukanta da fastonsu, na ce, "Madam, bara da kike siririya kin fi kyau. Ki riƙa shan ruwan zafi da lemun tsami, ki bar tuwon dare."

Fasto ya ajiye cokali.

Bitrus ya dube ni ya ce, "Oga, bara ai ciwo ne ya kusa kashe ta. Wannan jikin da ta mayar, shi muka taru mu gode wa Allah a kai."

Matar kuwa sai ta ƙara mini nama.

Har yau, ko ƙosai direbobinmu za su saya, sai sun leƙo ofishina: "Likita, an yarda mu ci?"