Jinin Sarautar Denzil Mabberley

Idan ana lissafin manyan mutanen garin Kurrabin na ƙasar Ostiraliya, dole a fara da Denzil Mabberley, domin ko ba a fara da shi ba zai miƙe ya tuna wa mai lissafin. Shekara talatin da ɗaya yana sayar da kafet a babban titi, har babu gidan da za ka shiga a garin ba ka taka alherinsa ba. Sau biyu yana zama kansila. Ya kuma taɓa riƙe kujerar magajin gari na kwana tara lokacin da mai kujerar ya je aikin gwiwa, kuma har yau idan zai ba da labari sai ya gyara murya ya ce, "A zamanin mulkina." Mutanen gari, da yake sun san darajar manya, suka naɗa shi Sarkin Kafet. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai taɓa tsayawa ya duba dalilin da ya sa masu kiran sunan suke kawar da fuska ba.

Bayan ya bar shago ne Allah ya buɗe masa ido ya gano ko shi wane ne. A cikin akwatin gwangwanin mahaifinsa ya tsinci wata tsohuwar takarda da ta nuna cewa wani Josiah Mabberley ya sauka daga jirgin ruwa a Melbourne a shekarar 1853, daga wani ƙauye a Ingila mai suna Mabberley. Ya duba taswira, sai ga ƙauyen, sai ga wani katafaren gidan sarauta a gefensa mai wannan sunan. Mai ƙaramin tunani zai ce a ƙara bincike. Denzil kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane komai: Josiah ɗan gidan ne, ƙaramin ɗa, wanda zuciya ta hana shi zama ƙarƙashin yayansa.

Kafin wata ya zagayo ya aika an zana masa tambarin zuri'a, zaki tsaye da takobi a hannu. Ya sa a ƙofar gida, ya sa a zobe, ya sa a aljihun kwat, har kwanon kare bai tsira ba. Sannan ya kama zauren taro na gari, ya buga katin gayyata, ya sanar a jaridar mako cewa da zarar ya dawo daga ƙasar kakanninsa zai gabatar da lacca mai hotuna. Mutum ɗari da ashirin suka ce za su zo. Shi a ganinsa ƙishirwar ilimi ce ta taso su.

Matarsa Glenys ta haɗa kaya. Shekara talatin da takwas tana aurensa, ta daɗe da gane cewa shiru ya fi saurin gajiyar da shi. 'Yarsu Tegan, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauki hutu ta biyo su, a cewarta don ta kula da hawan jinin Baba, amma ta cika wayarta da caji.

Da suka sauka a filin jirgi a Ingila, Denzil ya ƙi ƙaramar motar da Tegan ta yi musu haya. Ya ce jinin gidan ba ya komawa gida a cikin gwangwanin kifi. Aka ba shi wata baƙar mota mai faɗin ɗaki, ya zauna a bayan sitiyari kamar wanda ake jira a ɗauka hoto. Kwana biyu suna tafiya yamma, yana nuna musu tsaunuka da tumaki da katangun dutse da hannun mai gida, yana cewa jikinsa ya san wurin nan. Sau uku jikin nasa ya kai su garin da suka baro.

Rana ta uku suka shiga hanyar ƙauyen. Shinge dama, shinge hagu, kowanne ya fi motar tsawo, rassa suna gogar ƙofofi suna ƙara kamar ana yanka akuya. A wata kwana suka yi kiciɓis da tarakta. Manomin da ke kai, wani dattijo mai jar fuska, ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna wani ɗan fili da suka wuce a baya.

Denzil ya sauke gilashi ya leƙo.

"Malam, ba na jin ka san da wanda kake magana. Ƙasar da kake takawa da wannan ƙarfen naka, kakannina ne suka riƙe ta shekaru ɗaruruwa. Ɗan Mabberley ba ya ja da baya a kan hanyar Mabberley."

Manomin ya saurara har ƙarshe, da ladabi. Sannan ya kashe injin, ya ciro burodi da cuku daga aljihu, ya buɗe jarida.

Minti ashirin ana wannan zaman. Motoci huɗu suka taru a bayan taraktar. A ƙarshe Denzil ya ga cewa babba shi ne mai yafe wa talakawansa, ya sa giyar baya, ya tura gindin motar cikin kwata. Tegan ce ta zagayo ta fitar da ita. Shi kuwa ya koma kujerar baya, ya bayyana wa Glenys cewa dama manyan gida ba su saba tuƙa kansu ba.

A mashayar ƙauyen ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya juya zoben yadda haske zai kama shi, ya sanar da maza biyar da kare ɗaya cewa bayan shekara ɗari da saba'in, jini ya dawo gida. Karen ya ɗaga kai. Matar da ke sayarwa ta ci gaba da goge kofi.

"Sannu da hanya, yallaɓai. Daga Ostiraliya ko Kanada? Wanda ya zo makon jiya daga Kanada yake, shi ma gidan nasa ne. Kifi za ku ci ko naman rago?"

Denzil ya zaɓi naman rago. Ya raɗa wa iyalinsa cewa mutanen karkarar Ingila haka suke, girmamawa tana yi musu yawa har ta ɗaure musu harshe.

Gidan sarautar yana nan kamar yadda taswira ta yi alkawari, da tagogi arba'in da doguwar hanya mai itatuwa. Abin da taswira ba ta faɗa ba shi ne, yanzu wurin bikin aure ne, kuma baƙi sai sun bi layi ta ƙofar gefe. Denzil ya bi layin da haƙurin mai mulkin da ya ɓad da kama. A babban zaure ya tsaya cak gaban hoton wani mutum mai farin gashin aro da katon ciki. Ya daɗe yana kallo. Hawaye suka cika masa ido, na gaske, har Glenys ta ji tausayinsa ta kama hannunsa.

"Ku dubi goshin nan," in ji shi. "Ku dubi wannan kallon. Haka nake kallon majalisa idan ana gardamar kwandon shara. Tegan, ɗauke mu tare."

Tegan ta ɗauka. Matar da ke zagayawa da baƙi ta jira sai da aka gama, sannan ta ce masu gidan na yanzu sun sayo hotunan a gwanjo don bango ya yi kyau a hoton amare. Wannan dai, in ji ta, ana zaton wani ɗan kasuwar cuku ne daga Holan. Ta ƙara da cewa masu gidan na asali sunansu Carrowby, kuma zuri'arsu ta ƙare tun kafin yaƙin duniya na farko. Ba a taɓa yin wani Mabberley da ya kwana a saman benen nan ba.

Da wani mutum ne, da nan zai tsaya. Denzil ya fito yana murmushin wanda ya gano maƙarƙashiya. Ya ce an goge sunansu ne da gangan, rikicin gado ne, kuma a coci gaskiya take, domin littafin coci ba ya karɓar cin hanci.

Mai riƙe da mabuɗin cocin wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, Miss Edwina Lovegrove, wadda ta koyar da rabin ƙauyen karatu kuma har yanzu take kallon kowa kamar bai yi aikin gida ba. Da ta ji sunan Josiah sai fuskarta ta washe.

"Ah, Josiah! Ai kowa ya san Josiah. Zauna, ɗana."

Denzil ya juya ya dubi matarsa da 'yarsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don su samu damar jin kunya.

Tsohuwar ta ɗauko kwafin tsohon littafin, ta sa tabarau, ta bi layi da yatsa. An tsinci kakan Josiah yana jariri a ƙofar cocin nan cikin kwandon dankali. Ba a san uwa ba, ba a san uba ba, sai aka laƙa masa sunan ƙauyen. Da ya girma aka ba shi aikin da babu mai so, wato yasar masai. Shi ya yashe na gidan sarauta, ɗansa ya gada, jikansa Josiah ya gada. Josiah kuwa wata rana ya tafi da amalanken cike, jakin da ke jansa ya firgita ya kifar da shi a daidai ƙofar cocin ranar auren 'yar gidan Carrowby.

"Har yau ana ba da labarin," in ji Miss Lovegrove cikin jin daɗi. "An ce sai da aka ƙone rigar amaryar. Kafin mako ya cika ƙauye ya yi masa karo-karon kuɗin jirgi, ba don ƙauna ba."

Tegan ta duƙa tana nazarin wani dutsen kabari a daɓe, kafaɗunta suna girgiza. Denzil ya ji zoben ya matse masa yatsa. Zauren taron Kurrabin ya bayyana a idonsa, kujeru ɗari da ashirin, da Magajin Gari a layin gaba, da mai jarida da alƙalaminsa. Ya lissafa wa zai iya yarda an soke laccar saboda rashin lafiya. Bai samu kowa ba.

Amma babban mutum ba ya daɗewa a ƙasa. Kafin su kai ƙofar cocin ya fara farfaɗowa.

"Idan aka duba da idon basira," in ji shi, "abin da matar nan take nufi shi ne, gidanmu ne ya riƙe harkar tsaftar muhalli da lafiyar al'umma na wannan yanki tsawon zuriya uku. Hidimar jama'a. Daga nan na gado ta. Sarakuna sun zo sun tafi, amma ba su taɓa iya kwana uku babu mu ba."

"Wannan kam gaskiya ne, Denzil," in ji Glenys. Ita ce doguwar maganarta ta farko tun daga filin jirgi.

Miss Lovegrove ta biyo su da mabuɗi a hannu tana cewa kada su yi saurin tafiya, ai Josiah ya bar ƙane a ƙauyen, kuma ta riga ta buga wa zuri'arsa waya.

Ba su jima ba sai ga wata katuwar motar tanki ruwan ganye ta shawo kwana, tiyo naɗe a bayanta, hancinsu ya riga idonsu sanin aikinta. A jikinta an rubuta da manyan haruffa masu ruwan zinariya: MABBERLEY DA 'YA'YANSA, TUN 1790. Wani mutum ya diro. Sanƙonsa, tumbinsa, yadda yake tafiya kamar ana buga masa ganga, duk Glenys ta san su. Ta dubi mijinta, ta dubi baƙon, ta nemi benci ta zauna.

"Ina ɗan'uwan nawa? Kai ne? Zo nan!" Ya cire safar hannu guda ɗaya, ya rungume Denzil da hannun da bai cire ba. "Gordon Mabberley. Mota goma sha huɗu, gundumomi uku, har gidan sarautar can mu ke yi musu. Ban taɓa zaton jikokin Josiah za su yi ƙarfin halin dawowa ba, wallahi. To, kuna riƙe da sana'ar a can?"

Denzil ya gyara kwat. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, kuma tsohon mai riƙon kujerar magajin gari. Ya ce a garinsu idan aka ambaci kafet, shi ake nufi.

"Kafet," in ji Gordon. Ya maimaita kalmar a hankali, kamar sunan wata cuta. "Shago nawa?"

"Ɗaya. Amma babba ne."

Gordon ya dubi Glenys da tausayi, ya dubi Tegan, sannan ya dafa kafaɗar Denzil ya rage murya yadda matan ba za su ji ba, sai dai muryar gidan ba ta san raguwa ba.

"Kada ka ji kunya, ɗan'uwa, ba laifinka ba ne. Tun da Josiah ya kifar da amalanken nan muka san ɓangarenku ba zai yi nisa ba. Amma jini jini ne. Idan kana so ka ce wa mutanen garinku kai danginmu ne, ka faɗa, ba zan ƙaryata ka ba."