Ranar da Na Tsire Kafson Adda

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da Adda Hauwa, yayar mijina, ta sauka a gidanmu na unguwar Yelwa a Mubi da injin haɗa kofi a cikin akwatinta. Mutane na zuwa Mubi da tsarabar atamfa, ita kuwa da inji ta zo, don a cewarta in ba ta sha kofi da safe ba kanta sarawa yake yi har la'asar.

Ni sana'ata aikin duwatsun ado ce: jakunkuna, sarƙoƙi, marikin makulli. Adda kuma tana da shagon kayan ƙawata gida a Abuja, ta kuma yi mini alkawarin za ta duba kayana kafin ta koma, in sun yi mata ta tafi da su shagon. Wannan alkawari shi ya hana ni sukuni. Har na fara yi wa maƙwabta magana da "kwastomomina na Abuja" (ko ɗaya ban da shi).

Injin nan ba garin kofi ake zuba masa ba. Wasu 'yan ƙoƙuna ne masu launi-launi, a rufe ruf, kowane da kofinsa a ciki, wasu har da madara da sukari. Adda na ce musu kafso. Ranar farko da na ji ta ce "miƙo min kafso" sai da na yi mata sannu, na zaci ba ta da lafiya. A cikin wani yagaggen kwali take ajiye su, kullum tana mitar yadda suke watsewa, tana ƙarawa da cewa a lallaɓa su don ko an zagaye kasuwar Mubi kaf ba za a samu irinsu ba.

Da ta tafi Michika biki na 'yan kwanaki, sai wata dabara ta faɗo mini. Na taɓa gani a waya yadda ake jera irin waɗannan kafso a jikin katako, gwanin sha'awa. Ban tsaya na kalli bidiyon har ƙarshe ba, don a ganina wadda ta iya jakar duwatsu ba ta buƙatar darasi. Na ɗauko firam ɗin wani tsohon madubi da ya fashe, na shafa masa fenti ruwan gwal, na je wurin mai gyaran keke ya ba ni tsofaffin wayoyin ƙafar keke kyauta. Na gicciya su a jikin firam ɗin layi-layi.

Sai tambaya ta taso: yaya kafson za su zauna a kan waya? To, ni duk abin da ya shigo hannuna ƙarami mai launi, abu ɗaya na san ana yi masa. Na gasa basilla a wuta, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina hudawa ta gefe ta ɓulle ta ɗaya gefen, ina zura su a waya kamar tsire. Ja, shuɗi, ruwan gwal, ja, shuɗi, ruwan gwal. Ko guda ban bari ba. Wallahi ya yi kyau, har hoto na ɗauka. Na lulluɓe shi da mayafi na jingine a sito, kusa da buhun sukari (ku riƙe wannan).

Adda ta dawo da rana tsaka tare da Goggo Dudu, ƙanwar surukina, tsohuwa mai ban dariya da idonta ya fara rauni. Aka yi sa'a akwai wuta. Adda ta zube a kujera tana dafe da kai, na ce, "Adda, ki zauna, yau ni zan haɗa muku." Na shige sito a gurguje, na zura hannu ƙarƙashin mayafin na zaro biyu masu madara. Na ji wani abu na bin hannuna, na karkaɗe ban ko duba ba.

Injin ya yi wani irin tari da ban taɓa jin ya yi ba, ruwa na tsartuwa ta gefe. Na ce ƙarfin wuta ne ya ragu. Na ga baƙi-baƙi na yawo a ƙarƙashin kumfa, na ce ai dama kofi baƙi ne. Na jera a faranti na kai falo ina rangwaɗa.

Goggo ta yi godiya da Fulatanci, "Useko, amarya," ta kafa kai ta sha kusan rabi. Ta tauna wani abu. Ta ce, "Hauwa, wannan shayi naki na Abuja, tsamiya ake sa mishi? Yana da tsami, kuma yana da ƙashi."

Adda ta kai nata kofin bakin taga. Ta daɗe tana kallo. "Maman Amir," ta ce a hankali, "me ya sa kofina yake da ƙafafu?"

A nan mai hankali zai gane. Ni kuwa sai na ga lokacin nuna bajinta ya yi, na ruga na ɗauko firam ɗin, na tsaya tsakiyar falo na fizge mayafin ina cewa, "Adda, ga kyautarki!"

Innalillahi. Firam ɗin da na yi wa fenti ruwan gwal ya koma baƙi, kuma motsi yake yi. Kiyashi ne, dubunsu, suna shiga ta wannan huda suna fita ta waccan, kowane layi da nasa ayarin. Na buɗe musu ƙofar gaba da ta baya, na kuma ajiye su kusa da sukari. Suka biyo hannuna har cikin riga. Na kurma ihu na saki firam ɗin a kan kafet, kafso suka tarwatse, garin kofi da ya jiƙe da raɓar damina ya yi dumu-dumu a ƙasa.

Adda ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki guda ɗaya ta leƙa ta hudar, ta hango ni ta ɗaya gefen. "Duka?" ta ce. Na gyaɗa kai. Ta ce, "Kin san iskar da aka hana shiga ita ce duk amfanin abin?" Goggo kuwa tana gefe tana kakari tana salati, tana tambaya ko cin kiyashi na karya alwala.

Sauran kwanakin Adda a gidanmu da ɗankwali ɗaure tamau a goshi ta yi su, tana shan shayin da ba ta so. Ranar tafiyarta na shimfiɗa jakunkunana a kan gado, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Sai wani zuwan, in Allah ya kai mu." Ko taɓa su ba ta yi ba. Na yi kuka sosai ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Firam ɗin yana nan a ɗakina, sarƙoƙi nake ratayewa, su da aka halicce su da huda. Abin da na koya shi ne in na ga abu a rufe ruf, in tambayi dalili kafin in gasa basilla, in kuma riƙa kallon bidiyo har ƙarshe. Goggo dai ba ta yafe ba. Har yau ko ruwan sanyi na miƙa mata sai ta ɗaga kofin saitin haske ta ce, "Amarya, wannan an huda shi ko ba a huda ba?"